Tallafin Gidauniyoyin Iyali ga Ƙungiyoyin Unguwa a Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya ka shiga wata unguwa a Kaduna ka rasa ƙungiyar taimakon kai da kai. Akwai ta matasa masu yashe kwata kafin damina, akwai ta mata masu adashi da suka ɗauki nauyin marayu, akwai kwamitin Islamiyya, akwai matan coci masu kai abinci asibiti. Kusan dukkansu da karo-karo suke tafiya, kuma kusan dukkansu sun taɓa jin cewa gidan wane yana da gidauniya mai ba da tallafi. Ga tambayoyin da shugabanni da sakatarorin irin waɗannan ƙungiyoyi suka fi yi. Kowace gidauniya da nata tsarin, don haka in abin da ta rubuta a sanarwarta ya saɓa da abin da ke nan, nata za a bi.

Wai mece ce gidauniyar iyali? Me ya raba ta da Alhajin da ke rabon shinkafa da azumi?

Alhajin da ke raba shinkafa da gero a ƙofar gidansa alheri yake yi, Allah ya saka masa. Sai dai ranar da kasuwa ta juya masa baya, ko rai ya yi halinsa, rabo ya tsaya ke nan. Ita kuwa gidauniya dukiya ce da mutum ko zuri'arsa suka ware, suka yi mata rajista da sunanta, suka naɗa amintattun da za su kula da ita ko ba ransa. Galibi amintattun 'yan gida ne, uwargida da 'ya'ya da ƙanne, sai a haɗa da lauya ko akanta ko wani dattijo daga waje.

Manyan kowa ya san su. Gidauniyar Aliko Dangote tun 1994 take da rajista. Ta Janar TY Danjuma an kafa ta a 2009, hedikwatarta na Abuja. Ta Tony Elumelu ta zo a 2010. A Amurka, iyalin masu ƙera motar Ford ne suka kafa Gidauniyar Ford a 1936. Amma ba dukkansu ke miƙa wa ƙungiyoyin unguwa kuɗi ba, kuma a nan mutane ke ɓata takarda da kuɗin mota. Ta Elumelu matasa 'yan kasuwa take ba jarin dala 5,000, ba ƙungiyoyi ba. Ta Dangote ta fi yin manyan ayyuka da kanta ko tare da gwamnatoci, kamar yarjejeniyar rigakafin yara da ita da Gidauniyar Gates suka sa wa hannu da wasu gwamnonin Arewa a nan Kaduna a watan Janairun 2016. Ta TY Danjuma ce aka fi sani da fitar da sanarwa ƙungiyoyi masu rajista su nemi tallafin lafiya da ilimi.

Ƙungiyar da ke Hayin Banki ko Unguwar Sanusi, wadda hannunta zai fi saurin kaiwa ita ce ƙaramar gidauniyar da 'ya'yan wani marigayi suka kafa da sunan mahaifinsu, a nan cikin gari ko Zariya ko Kafanchan. Kuɗinta kaɗan ne, amma tana iya zuwa ta gan ku da ido.

Ina suke samun kuɗin, ba ya ƙarewa?

Masu tsari jari suke ajiyewa, ribar ake rabawa, uwar kuɗin ba a taɓa ta. Wannan shi ne waƙafi da muka sani a Musulunci. Dangote ya sanar da ware wa tasa dala biliyan 1.25 a 2014, Danjuma kuma dala miliyan 100. A Amurka doka ta tilasta wa irin waɗannan gidauniyoyi su fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu kowace shekara. Ƙananan namu na gida da yawa ba su da jarin da aka kulle haka. Hayar wasu shaguna ce, ko abin da 'yan uwa suka haɗa a ƙarshen shekara. Shi ya sa wadda ta ba ku bara za ta iya cewa bana babu, kuma ba ƙarya take yi ba.

Kuɗin zakka ne ko sadaka? Kuma ƙungiyar da ba ta Musulmi ba za ta iya nema?

Ku tambaya tun farko, domin amsar tana canja komai. Zakka tana da mutanenta guda takwas da aka lissafa a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma jumhurun malamai, har da Malikiyya, ba su yarda a gina masallaci ko a haƙa rijiya da ita ba. Idan abin da iyali suka ware zakka ce, to ƙungiyarku 'yar aike ce kawai: ta karɓa, ta miƙa wa mabuƙata, ta kawo sunayensu. Sadaka da waƙafi kuwa suna da faɗi. Da su ake gini, da su ake sayen magani, kuma ba a hana wanda ba Musulmi ba amfana da su.

Kaduna tana da nata ciwon a nan. Tun rikicin addini na 2000 da na 2002 gari ya rabu, Kogin Kaduna ya zama iyaka, galibin Musulmi a arewa, galibin Kirista a kudu, har yaro ya girma a Kawo bai taɓa taka Sabon Tasha ba. Gidauniyar da ba ta tsallaka gada tana da 'yancinta, dukiyarta ce. Amma ni a ganina wadda ta rubuta a kundinta cewa ta al'ummar Kaduna ce, ya kamata a ga sawunta a Rigasa a kuma gan shi a Narayi. Idan sanarwa ba ta ambaci addini ba, ku nema, kada ku hana kanku da kanku.

Malam, mu ba mu da rajista, amma mun fi shekara goma muna aiki. Dole sai mun yi?

Ga ƙaramin tallafi, wasu iyalai na karɓar rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha mai kula da walwalar jama'a, tare da wasiƙar hakimi ko mai unguwa. Da zarar kuɗi ya yi kauri, takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, za a nema.

Dokar da ake aiki da ita ita ce CAMA ta 2020. A ƙarƙashinta ƙungiya na yin rajista ne da sunan amintattunta, aƙalla mutum biyu. Ba a sa yaro, ko wanda kotu ta tabbatar ba shi da cikakken hankali, ko wanda aka ayyana ya karye bai farfaɗo ba, ko wanda kotu ta samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Za ku kawo kundin tsarin mulkin ƙungiya da rubutaccen bayanin taron da aka zaɓi amintattun. Sai a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ce bai yarda ba. Saboda haka wanda ya ga sanarwar tallafi yau, za a rufe nan da mako biyu, ya makara a wannan zagayen.

Abin da ƙungiyoyi suka fi mantawa shi ne bayanin shekara-shekara da ake kai wa CAC. A karɓi satifiket, a sa a firam, a rataye a ofis, shi ke nan. Mai tantance takardu kuwa da wayarsa zai duba sunanku a shafin hukumar, ya ga an rubuta ba ku aiki.

Za a iya tura kuɗin ta asusun shugabanmu? Mutum ne mai amana.

A'a. Ba don ana zarginsa ba. In ya rasu, kuɗin ya shiga cikin gado, sai an sha fama kafin a fitar. In banki na bin sa bashi, zai iya cirewa. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, kuma kada su zama miji da mata ko wa da ƙane. Banki zai nemi takardar CAC, lambar haraji, BVN na masu sa hannu, kuma da yawa suna neman takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram.

Me ake rubutawa a takardar neman tallafin?

Mafi yawan takardun da ake watsarwa da kirari suke farawa. Shafi guda na yabon marigayi, shafi guda na bayanin talaucin Arewa, sai a layin ƙarshe a ce a taimaka mana da abin da ya sauwaƙa. 'Ya'yan marigayin sun fi ku sanin halin mahaifinsu, talauci kuma suna ganin sa ta gilashin mota kullum. Abin da ba su sani ba shi ne abin da ku za ku yi da kuɗinsu.

A ce Islamiyya ce a wani lungu na Rigasa. Sai ku rubuta: ɗalibai 180 ne, 110 mata, banɗaki ɗaya ne kuma ƙofarsa ta karye, 'yan matan da suka fara girma sun daina zuwa darasin yamma saboda haka, muna son gina banɗaki huɗu, biyu na mata biyu na maza. Ga adadin bulo, ga buhunan siminti, ga kwanon rufi, ga ladan magini da leburori, ga farashin da muka samo daga shaguna uku. Yashi da ruwa iyayen yara za su kawo. Filin na makarantar ne, ga takardarsa. Wanda zai riƙa wankewa da kwashewa, daga kuɗin Laraba za a biya shi. Shafi biyu ya isa. Wanda ya karanta wannan ya san inda kowace naira za ta shiga, ya kuma san abin da zai tarar in ya zo bayan wata huɗu.

In sanarwa ba ta ce dole Turanci ba, Hausa mai tsabta ta fi Turancin da aka biya wani a shagon kwamfuta ya kwafo. Masu karantawa suna gane kwafe, don sau da yawa takarda iri ɗaya ce ke zuwa musu da sunaye daban-daban.

Nawa ya kamata mu nema?

Abin da aikin zai ci, ba abin da kuke jin suna da shi ba. Ƙungiyar da ba ta taɓa riƙe naira dubu 500 ba, in ta nemi miliyan 20 tsoro za ta ba mutane. Ku rubuta ranar da kuka samo farashi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kiyasin da ya kwana wata uku ba a dogara da shi. Ba laifi ba ne a ware wani ɗan kaso saboda tashin farashi, muddin an rubuta shi a fili da sunansa, ba a cusa shi cikin kuɗin siminti ba.

Me ya sa suke son haƙa rijiya da gina aji, amma ba sa son biyan malamai ko kuɗin haya?

Saboda rijiya tana ɗaukar allo mai sunan mahaifi, albashi ba ya ɗauka. Akwai kuma dalilin addini, wanda ba abin rainawa ba ne: mutane na neman sadaka mai gudana, sun san hadisin abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, sun san labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'ar Madina. Sannan suna tsoron in suka fara biyan albashi, ranar da suka daina su ne za su zama abin zagi.

Duk na gane, amma a nan nake ganin gidauniyoyinmu suna cutar kansu. Zagaya bayan gari ka ƙirga rijiyoyin burtsatse da suka mutu. Tanki na nan a sama, allon suna na nan, famfo ya ƙone ko an sace faifan sola, mata sun koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Wasu tun ranar haƙa aka yi kuskure. Ƙarƙashin ƙasar Kaduna dutse ne, ruwa a tsagogin dutsen yake, in ba a kira masu auna ƙasa sun nuna wuri ba sai a haƙa inda mai unguwa ya nuna, rijiya ta ba da ruwa da damina ta ƙafe a watan Maris. Rijiyar da ta daina ba da ruwa ba ta gudanar wa kowa da lada. Haka ajin da aka gina aka yi masa fenti ba malami a ciki.

Ku masu nema, hanyar da za ku bi ita ce ku sa kuɗin kula cikin aikin tun farko, ku nuna ranar da zai ƙare. Misali: a biya mai gadi da mai gyara na shekara ɗaya, a cikin shekarar kwamitin ruwa zai riƙa karɓar ɗan abin da aka amince a kan kowace jarka, yana tarawa a asusu, daga shekara ta biyu mu za mu riƙe kanmu. Iyali sun fi sakin jiki da nauyin da suka ga ƙarshensa.

Gaskiya dai, ba sai mai uwa a gindin murhu ke samu ba?

Sanayya tana aiki, wanda ya ce ba ta yi bai faɗi gaskiya ba. Kuɗin iyali ne, kuma mutum ya fi yarda da wanda wani nasa ya shaida. Amma sanayya iri biyu ce. Akwai ta ɗan siyasa ya buga waya a ba yaransa, wannan sau ɗaya take ci. Akwai kuma ta limami ko fasto ko shugabar asibitin unguwa ta ce na san su, na ga aikinsu. Wannan kowace ƙungiya na iya samunta ba tare da ta san kowa a unguwar manya irin Unguwar Rimi ba. Ku ajiye littafin shiga da fitar kuɗi ko da na karo-karon naira ɗari biyu ne. Littafin da ya tsufa, ya sha hannu, ya fi wasiƙar babban mutum.

Wani ya turo mana saƙo a WhatsApp cewa mun ci tallafi, mu biya kuɗin fom. Mu biya?

Kada ku biya, kada ku ba da lambar sirrin katinku ko lambar da banki ya turo muku ta waya. Mai ba da kyauta ba ya karɓar kuɗin fom. 'Yan damfara sun fi fakewa da sunayen manyan gidauniyoyi. Haka wanda ya ce zai shigar da ku a ba shi kaso in kuɗi ya fito: rasit ɗin me za ku kawo a kan wannan kason?

Sun ce za su zo ganin wuri. Me za mu shirya?

Ba komai sai gaskiya. Kada ku yi hayar rumfa da kujeru, kada ku tara yaran makwabta su cika aji, kada ku yanka kaji. Mai ziyara zai lura, kuma zai tambayi kansa daga ina kuɗin kajin ya fito. Ma'aji ya zo da littafinsa, matan da aikin ya shafa su yi magana da bakinsu, ba shugaba ya yi musu ba.

A tanadi takardun izini. In aikin a makarantar gwamnati ne, sai da sanin shugaban makaranta, kwamitin al'umma mai kula da makarantar (SBMC) da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. In gini ne a cikin gari, akwai batun takardar fili daga KADGIS, hukumar filaye ta jiha, da izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane. Mutanen Kaduna sun ga rusau da idonsu, ba wanda zai so kuɗin mahaifinsa ya tafi a bakin katafila.

Kuɗi ya shigo, sai wata buƙata mafi gaggawa ta taso. Za mu iya karkatar da shi?

Ba tare da izini ba, a'a. A ce an ba ku na gyaran aji, sai Kogin Kaduna ya cika a watan Satumba ya shiga gidajen mutane. Zuciya za ta ce a sayi tabarmi da abinci. Ku buga waya, ku bi da saƙo a rubuce, ku jira amsa. Sau da yawa za a amince, wani lokaci har a ƙara muku. Amma wanda ya kashe sannan ya zo da bayani, ko niyyarsa ta fi madara fari, ya ci amana a idon mai kuɗi. In kuma canji ya rage bayan an gama aiki, ku faɗa.

Wane irin rahoto ake so?

Abin da aka ce za a yi, abin da aka yi, abin da aka kashe, da abin da bai yiwu ba. Rasit na kowane sayayya. Mai yashi da mai tura baro ba su da rasit, sai ku rubuta takarda su sa hannu ko su dangwala, da lambar wayarsu.

Hoto kuwa a yi hattara. Hoton gini da kaya ba matsala. Amma jera zawarawa da marayu a rana, kowa riƙe da leda, ana ɗauka ana watsawa a Facebook, wannan tozarci ne ko da gidauniyar ce ta nema. Kuna iya ce musu za ku kawo sunaye da sa hannu a maimakon fuskoki. Wanda za a ɗauka a nemi yardarsa, yaro kuma a nemi ta mai riƙonsa.

Ni ba ƙungiya ba ce, mijina ne ke kwance a asibiti. Za su taimaka?

Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Gidauniyar da ta ce ƙungiyoyi take ba ba za ta duba takardar mutum ɗaya ba. Ki fara da ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da yake, da kwamitin zakka na masallacin Juma'ar unguwarku. Su ne suka san masu biyan irin wannan kai tsaye.

An ƙi ba mu. Mu sake nema?

Ku sake. Ku rubuta godiya, ku tambayi inda takardarku ta gaza. Sau da yawa ba aibinku ba ne, masu nema ne suka fi kuɗin yawa, ko bana lafiya suka sa a gaba ku kuma kun zo da ilimi.

Mu ne iyalin. Mahaifinmu ya rasu ya bar wasiyya a yi alheri da wani ɓangare na dukiyarsa. Ta ina za mu fara?

Allah ya jiƙansa. Ku fara da malamin da ya san rabon gado, domin wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada, kuma bashi ake fara biya. Abin da aka ware a fitar da shi daga gado sarai, a rubuta, kowa ya sa hannu, mata da maza. Rigimar da ke kashe gidauniyoyin iyali ba daga waje take zuwa ba, daga ɗakunan gida take tasowa, musamman inda 'yan uba suke.

Sannan ku zaɓi abu ɗaya ko biyu, da yanki ƙarami. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta, ba za ku iya da su duka ba. Gara ku riƙe ƙungiyoyi biyar na shekara uku da ku yayyafa wa hamsin sau ɗaya. Ku sa aƙalla mutum ɗaya wanda ba ɗan gida ba cikin amintattu, wanda zai iya ce wa babban wa a'a. Ku rubuta doka cewa duk amintaccen da ƙungiyar matarsa ko ta abokinsa ta nema, zai fita daga ɗaki lokacin yanke shawara, kuma kamfanin ɗan gida ba zai karɓi kwangilar aikin da kuka biya ba. In abin da aka bari gida ne ko shaguna, a mayar da takardunsu da sunan gidauniyar a KADGIS tun iyaye mata suna raye suna shaida, a kuma rubuta a kundi yadda za a maye gurbin amintaccen da ya rasu, domin canjin sai an kai shi CAC kafin banki ya karɓi sa hannun sabon.